Shara ta Arba'in

Shekara tara ina koyar da darasin gwamnati a wata sakandare a unguwar Adabraka, cikin birnin Accra. Na koya wa ɗaruruwan yara mene ne iko, mene ne 'yancin kai, yadda ƙasa ke zama ƙasa da yadda take suɓucewa. Amma da aka ba ni ƙasa guda in riƙe, wadda faɗinta bai wuce tabarma huɗu ba, kwana uku ta yi a hannuna na sake ta. Sunana Rahinatu, kuma har yau in na tuna sai in rufe fuska ina dariya.

Gidanmu yana Maamobi, bayan babbar gota, wato magudanar ruwa, ƙofa goma sha huɗu a tsakar gida ɗaya. Akwai Mosi, akwai Kotokoli, akwai Dagomba da Zabarma da Wangara. 'Yan unguwa suna ce masa Gidan Majalisa, don in rigima ta tashi a bakin famfo sai ka ji harshe biyar kafin bokiti ya cika. Marigayi Baba Mumuni da ya gina gidan ya gaji da shari'ar nan nawa ne can naka ne, sai ya kafa doka guda. Inda tsintsiyarka ke kaiwa kowace safiya, nan ne iyakarka. Wanda kuma ya share wuri safiya arba'in a jere ba a tsai da shi ba, wurin ya zama nasa, ko na waye a da. Mai tafiya yana iya barin wakili, amma sai ya ambaci sunansa a gaban jama'a, wakilin kuma ya amsa. Baba Mumuni ya rasu tun ina firamare, dokarsa kuwa tana nan daram. Ɗansa Alhaji Jalilu ne ke riƙe da ita, mutum ne da ba ya ɗaga murya kuma ba ya manta komai.

Wurin da ya fi kowane daraja a gidan shi ne gindin dogon-yaro, bishiya ɗaya tak da muke da ita, kuma inuwa ɗaya tak in rana ta juya. Na Mma Awabu ne, yayar mahaifiyata. Shekara talatin da ɗaya tana dafa waakye a nan, shinkafa da wake da karan dafi, a kan murhun da aka ƙera mata da tsohon ƙarfen tayar mota. Gajera ce, mai faɗin kafaɗa, mai dariyar da ake ji har bakin titi. Dogon-yaro kuwa ba ya hutawa da zubar da ganye, don haka babu safiyar da tsintsiyarta ba ta aiki.

Bana ɗanta Mubashir da ke Jamus ya biya mata kujerar Makka. Ranar tafiya, ana ta addu'a ana ta rungume-rungume, ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga tsintsiyarta sama.

"Kowa ya ji," ta ce da Hausarmu ta Zango wadda ba ruwanta da mace ko namiji. "Rahi ne wakilina. Rahi, ka amsa?"

"Na amsa, Mma."

Ta danƙa min tsintsiyar, Alhaji Jalilu ya gyaɗa kai, aka wuce filin jirgi.

Kwana uku na yi ina sharewa. Wanda bai taɓa neman trotro, motar hayarmu, daga Maamobi zuwa Adabraka da safiyar Litinin a cikin damina ba, kada ya yi saurin zargina. A safiya ta huɗu ina tsaye da tsintsiya a hannu ɗaya, takardun jarrabawa a ɗaya, ga hadari ya haɗo, sai Anti Salimatu ta fito daga ƙofarta.

Anti Salimatu 'yar Maraɗi ce, aure ya kawo ta Accra tun kafin a haife ni. Doguwa ce, mai magana a hankali, kuma in ka cire ni 'yar boko, ita kaɗai ce a gidan har yanzu take ce wa mace "ke". Mijinta Baba Mutala tsohon makanike ne a Abossey Okai, shi ne ma ya ƙera wa Mma Awabu murhun nan. Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Tun daga nan ba a cika ganinsa a waje ba.

"Malama, za ki makara," ta ce. "Aje tsintsiyar. Zan riƙa sharewa."

Na yi mata godiya har da rusunawa. Ba ta ce don wa za ta share ba, ni kuma ban tambaya ba. A ranar ma, in ban manta ba, darasin da na koyar shi ne yadda manyan ƙasashe suka riƙa shigowa ƙasashenmu da sunan taimako.

Abin bai zo da hayaniya ba. Bayan mako guda na ga an jawo murhun Mma an jingina shi da bango, an lulluɓe shi da leda. Anti Salimatu ta ce kada ruwan sama ya sa shi tsatsa, na ce Allah ya saka da alheri. Bayan wani makon na ga wata kujera mai hannu a gindin bishiyar, Baba Mutala a kanta da bargo a gwiwa. Na gaishe shi na wuce. Sai igiyar shanya, sai ɗan tebur, sai tukunyar fure guda biyu a daidai inda iyakar take. Duk ina gani, ina ma yaba yadda wurin ya yi kyau.

Wata Lahadi ina wanki, Alhaji Jalilu yana zaune a ƙofarsa da asuwaki a baki, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Madam Tica, yau ashirin da takwas."

"Ashirin da takwas na me, Alhaji?"

"Na shara."

Sabulun ya suɓuce daga hannuna. Na tashi da kumfa har gwiwar hannu na fara yi masa bayani irin na aji. Na ce ni ce halastacciyar wakiliya, Anti Salimatu a madadina take aiki, saboda haka ikon bai bar hannun mai shi ba. Ya bar ni na kai aya, sannan ya cire asuwakin.

"Wakili ba ya naɗa wakili. Awabu ya kira sunan Salimatu? Bai kira ba. Salimatu ya ce don Awabu yake share? Bai ce ba. Ni doka na tarar, ba ni na yi shi ba. Saura sha biyu."

Na ji haushi ƙwarai, kuma rabin haushin na kaina ne. Na ce to, ai ba a makara ba. In na riga ta sharewa safiya ɗaya tak, ƙidayar ta karye.

Washegari na fito ana idar da sallar asuba, na tarar da wurin tas, har da zanen tsintsiya a ƙasa. A rana ta biyu na yi sallah da sauri irin wadda nake fatan Allah ya yafe min, na fito da gudu, na tarar tana kwashe tarin ganye. Matar nan ban san lokacin da take barci ba. A rana ta uku shaiɗan ya ba ni shawara na bi. Na ɗebo ganyen daga kwandon shara na watsa, na fara sharewa da ƙarfi don kowa ya ji. Alhaji Jalilu yana dawowa daga masallaci ya tsaya ya kalle ni.

"Tica, ganyen da aka share sau biyu ba shara ba ne. Motsa jiki ne."

Sai na canza dabara. Na ce in ban iya sharewa ba, zan hana a share. Na fito daidai lokacin da ta fara, na tsaya ƙyam a tsakiyar wurin na harɗe hannu. Ta share dama, ta share hagu, ta iso gabana.

"Ɗaga ƙafa, Malama," ta ce a hankali.

Wallahi kafin kaina ya yanke shawara ƙafata ta ɗaga. Matar da ta yi wa mahaifiyata wankan jego da aka haife ni, wadda ta goya ni, ta ce ɗaga ƙafa, me zan yi? Na ɗaga ta dama, na ɗaga ta hagu, ta wuce abinta.

Daga nan na koma neman ƙawaye. Na bi ƙofa-ƙofa ina faɗakar da matan gidan cewa wanda ya ci gindin bishiya yau, gobe bakin famfo zai nufa. Na ce mu haɗa kai mu daina ba ta aron turmi, mu daina amsa mata gaisuwa sai ta janye. Kowacce ta ce gaskiya ne paa, wato sosai, abin bai yi kyau ba koraa, ko kaɗan. Kowacce kuma da yamma na gan ta tana gaishe da Anti Salimatu har da tambayar mai jiki. Sai daga baya na tuna cewa duk amaryar da za a fitar a layinmu, Anti Salimatu ce ke mata lalle da turaren wuta, kuma ƙofa shida cikin sha huɗu suna da 'yan mata a gida. Ba wadda za ta ɓata da hannun da zai zana ƙafar 'yarta saboda inuwar wani.

Duk wannan ban gaya wa Mma ba. Na ce wa kaina kada in ɓata mata ibada, amma gaskiyar ita ce tsoro nake ji. In ta bugo waya daga Makka takan ce, "Rahi, wurina fa?" Ni kuma in ce, "Yana nan tas, Mma." Ban yi ƙarya ba, wurin bai taɓa yin tsabta irin ta lokacin ba.

Ta sauka ranar shara ta talatin da bakwai. Muka taro ta da motoci uku, ta shigo gida cikin fararen kaya, ana guɗa, tana murmushi da sabon haƙorin Makka yana walƙiya. Na ga lokacin da idonta ya kai gindin bishiyar. Ta ga murhunta a jikin bango, ta ga kujera, ta ga tukwanen fure. Murmushin bai ragu ba ko kaɗan, ta ci gaba da amsa akwaaba da barka da sauka.

Da la'asar mutane suka ɗan sarara, na shiga ɗakinta na durƙusa na zayyana mata komai, har da watsa ganye. Na zata za ta yi faɗa. Sai ta kama dariya har tana riƙe ciki.

"Tica paa," ta ce tana share hawaye. "Gwamnati yana biyanka ka koya wa yara wannan abu? Kwana nawa ya rage?"

"Uku, Mma. Amma da sauƙi. Gobe ki ɗau tsintsiya ki ja sau ɗaya kawai, da hannunki. Mai wuri ba a riga shi, ko an share ki sake, Alhaji zai karɓa."

"Ni? Da farin kaya?"

Nan na tuna. A danginmu sabuwar Hajiya kwana bakwai take zaune tana karɓar masu barka, ba ta taɓa tukunya, ba ta taɓa tsintsiya. In aka gan ta da shara, abin kunya ne ga duk wanda ya haɗa jini da ita.

"Ka so a ce Mubashir ya kai uwansa Makka ya dawo babu mai share mishi?" ta ce. "Kuma na bar zunubina duka a Arfa, in zo kwana ɗaya in buɗe sabo da faɗan tsintsiya? A'a. Ba zan share ba, ba zan yi faɗa ba."

"To wurin zai tafi ke nan."

"Wa ya ce? Tashi ka kawo min dabino."

Washegari, bayan Anti Salimatu ta yi shararta ta talatin da takwas, Mma ta sa aka shimfiɗa mata darduma a gindin bishiyar, ta ce ɗaki ya yi wa baƙi kaɗan. Maamobi kuwa ta zo. Limamin layinmu ya zo, magajiyar mata ta zo da tawagarta, masu sayen waakye na shekara da shekaru suka zo suna tambayar yaushe za a ɗora tukunya. Ana tsakiyar raba zamzam, Anti Salimatu ta fito za ta wuce, Mma ta ɗaga murya.

"Jama'a, ku taya ni godiya. Ga wanda ya riƙe min wurina tun da na tafi. Kullum yana share min. Salimatu, medaase, na gode, Allah ya biya ka."

Na kusa tafawa. In Anti Salimatu ta ce ba komai, ko ta ce ai yi wa kai ne, to ta amsa wakilci a gaban liman da Alhaji Jalilu, magana ta ƙare. Kowa ya juya yana kallonta. Ta durƙusa cikin ladabi, ta karɓi dabinon da hannu biyu.

"Allah ya sa karɓaɓɓiya ce, Hajiya," ta ce. "Allah ya maimaita mana."

Aka ce amin, ta tashi ta shige ɗaki. Na dubi Alhaji Jalilu, ya ɗan girgiza kai. Mma kuwa ta bi ta da kallo irin na mai dara da ya gamu da daidai shi, ta ce min ƙasa-ƙasa, "Matar nan ya fi ka karatu."

Rana ta talatin da tara Anti Salimatu ta yi shara, ta fito da mijinta ta zaunar da shi, ta ɗau kwando ta tafi Kasuwar Malam Atta, ba ta dawo ba sai dab da magariba. Babu wanda za a yi wa godiya. Na dawo daga makaranta na tarar baƙi sun ragu, Mma ta jawo dardumarta kusa da kujerar Baba Mutala tana ba shi zamzam a cokali. Tana ba shi labarin Madina, yana saurare, can sai na ji wata murya mai kauri tana jan kalma ɗaya-ɗaya.

"Da... zafi... can?"

"Zafi paa, Mutala. Ya fi ɗakinka."

Ya yi wata dariya ta gefen baki. Da na raka ta ɗaki, Mma ta zauna a bakin gado ta dube ni.

"Rahi, tun yaushe Mutala ya fara magana?"

Ban sani ba. Kwana goma sha ɗaya ina ƙirga safiya, ina ƙirga ganye, ina wuce mutumin nan sau biyu a rana, ban taɓa lura cewa bakinsa ya buɗe ba. Ni kujerarsa kawai nake gani, ina ɗaukarta tutar da aka kafa mana. Ƙofarsu yamma take kallo, rana na shiga har ƙarƙashin gado, kwanon rufin kuma ya yi ƙasa. Shekara guda yana kwance a cikin wannan. Kunya ta kama ni sosai, irin wadda ba a iya dariyarta.

"To ki bar musu mana, Mma," na ce. "Ki yi shiru gobe, shi ke nan."

"In na yi shiru ba bari na yi ba, ƙwacewa aka yi. Je ka kwanta da wuri."

Safiya ta arba'in, kiran sallah na farko ya tashe ni, na leƙa ta taga. Mma Awabu ta riga kowa. Ta shimfiɗa dardumarta a tsakiyar gindin bishiyar, a nan ta yi sallarta, ta idar, ta miƙe ƙafafu ta ɗau carbi. Ganye yana sauka a kan farin mayafinta, ba ta kaɗe ba.

Gari ya fara haske Anti Salimatu ta fito da tsintsiya, ta tsaya cak. Ban taɓa ganin mutanen Gidan Majalisa sun so goge baki irin na ranar ba. Ƙofa goma sha huɗu, kowacce da mutum tsaye da buroshi ko asuwaki, kowa yana kallon sama kamar mai duban hadari. Alhaji Jalilu ya dawo daga masallaci ya zauna a kujerarsa.

Ta fara daga gefe. Ta share wajen tukwanen fure, ta share bayan bishiya, ta share jikin bango, a hankali, tana jan lokaci. Amma wurin tabarma huɗu ne, kuma Mma tana zaune a kan biyu. Ta iso bakin darduma ta tsaya. Ni za a ce wa ɗaga ƙafa in ɗaga. Hajiyar da ta girme ta, wadda ƙurar Makka ba ta bar ƙafarta ba, da carbi a hannu, ba a ba ta umarni, ba a kuma tura mata shara a jiki. Hanya ɗaya ta rage, a nemi izininta, kuma wanda ya nemi izini a wuri ya faɗi mai wurin da bakinsa.

"Ina kwana, Hajiya."

"Lafiya lau, Salimatu. Yaya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Wani ya shaƙe da man goge baki ya yi tari, matarsa ta harare shi. Can Anti Salimatu ta saki tsintsiyar ta faɗi, ta durƙusa a bakin dardumar.

"Hajiya, ba don kaina ba ne," ta ce, muryarta ta canza. "Da na fara fito da shi nan, kwana biyar ya yi yana kallon ganye. A na shida ya kira sunana. Shekara guda ban ji sunana a bakinsa ba. Na san abin da na yi, na san ranar da na fara ƙirgawa. Ban iya mayar da shi ɗakin nan ba."

"Na ji muryarsa jiya," Mma ta ce. "Shekara talatin muna gida ɗaya. Ni na wanke 'ya'yanka, kai ka wanke nawa. Me ya hana ka buɗe baki ka tambaya?"

"Tsoro. In kin ce a'a fa? Tukunyarki ce abincinki."

"Eh, zan iya cewa a'a. Wurina ne." Ta aje carbin a cinya. "To tambaya yanzu."

Anti Salimatu ta ɗago ta dube ta. Doguwar mace mai ji da kanta, wadda ba ta taɓa roƙon ko gishiri a gidan nan ba.

"Hajiya Awabu, ina roƙonki. Ki bar Mutala ya riƙa zama a wurinki."

Mma ta ɗaga kai ta kalli bishiyar, ta daɗe, har na fara jin haushinta. Sannan haƙorin Makka ya bayyana.

"Mutumin da ya ƙera min murhu? Ya zauna har ya gaji. Da safe tukunya na nan gabas, kujera na nan yamma inda hayaƙi ba ya zuwa. Rana ya juya, inuwa duka nasa ne. Amma furen nan a kwashe, ba lambu nake ba." Ta naɗe ƙafafunta ta ja darduma gefe. "Ɗauki tsintsiya ka ƙarasa, ka ji. Ganye ya cika min jiki."

Anti Salimatu tana dariya tana hawaye ta ɗau tsintsiyar ta share inda ya rage. Alhaji Jalilu ya cire asuwaki ya yi gyaran murya.

"An share da izinin mai wuri. Ƙidaya ya mutu. Wuri na Awabu ne."

Sai guɗa ta ɓarke, matan nan da suka ƙi shiga ƙawancena su ne kan gaba, kowacce tana cewa dama ita ta san haka za a ƙare. Maza biyu suka ɗauko Baba Mutala da kujerarsa, wasu suka jawo murhu suka yaye ledar. Ya daɗe yana kallon murhun, ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna wata ƙafarsa da ta ɗan karkace.

"Ba... haka... na yi shi... ba."

Gidan ya kwashe da dariya, Mma ta fi kowa. Na makara a makaranta ranar, kuma ban damu ba.

Da kwana bakwai suka cika aka ɗora tukunya. Yanzu Baba Mutala ne ke ɗanɗana waakye na farko kowace safiya, kuma bakinsa ya buɗe har ya fara cewa shito, miyar barkonon da ake sa wa waakye, ya yi yaji. Mma ba ta koma shara ba, ta ce bayanta ya tsufa, ni kuma an sauke ni daga wakilci ba tare da an nemi jin ta bakina ba. Anti Salimatu ce ke sharewa. Amma kowace safiya sai ta tsaya a bakin iyakar da tsintsiya a hannu ta ce, "Hajiya, in share?" Mma kuma sai ta ɗaga kai ta kalli bishiya, ta yi kamar tana nazari, sannan ta ce, "Share."

Wata safiya ina jiran ta zuba min na tafiya makaranta, na ce, "Mma, wannan wasan fa? Ke da kin san ba za ki taɓa ce mata a'a ba."

"Har in mutu ba zan ce ba," ta ce tana danna min ƙwai a cikin ganye.

"To me ya sa sai ta tambaya?"

Ta miƙo min ƙunshin da zafinsa, ta nuna bayana da ludayi. Anti Salimatu ce ta fito, ta tsaya a inda ta saba tsayawa.

"Hajiya, in share?"

Mma Awabu ta ɗaga kai ta kalli bishiyarta.